Uban da Bai Iya Zamiya Ba

Ni Badamagare ne, kuma har yau ban iya tsayuwa a kan allunan zamiya ba. Karatu ya kawo ni Innsbruck, garin Ostiriya da ya karɓi Olamfik na lokacin sanyi a 1964 da 1976. Aiki ya riƙe ni, a nan kuma Allah ya ba mu 'yar fari. A jihar Tirol yaro kan koyi zamiya a kan ƙanƙara kamar yadda ɗan bakin kogi ke koyon iyo. Makaranta ce ta fara kai su tsauni, wata ƙungiya ta ɗauke ta, kafin mu farga da uwarta yarinya ta sa riga mai lamba tana tsere.

Silalom take yi. Ana kakkafa sanduna ja da shuɗi a gangaren tsauni, ɗan tsere ya bi yana kewaya su ɗaya bayan ɗaya. Idan ya tsallake ko da guda, an fitar da shi. Sau biyu ake gangarowa, a haɗa lokutan, kuma agogon yana raba sakan ɗaya gida ɗari. A manyan gasa har ruwa ake ɗura wa dusar ƙanƙarar don ta daskare ta yi tauri, saboda kada hanyar ta farfashe kafin na baya su iso. Abin da ke riƙe mutum a irin wannan santsi shi ne siririn ƙarfen da ke gefen allon. Aikina ke nan a sana'ar 'yata. Da dare nakan sauka ɗakin ƙasa in ɗaure allunan a kan tebur, in wasa ƙarfen da magagari, in narkar da kaki da dutsen guga in shafa a ƙasansu, in kankare, in goge da buroshi. Sauran iyaye, waɗanda yawancinsu sun yi tseren a ƙuruciyarsu, suna tsayawa a ƙasan gangare suna gardamar inda yaransu suka yi asarar lokaci. Ni ban da ta cewa. Na daɗe ina jin kunyar hakan, sai daga baya na lura a mota take sakin jiki ta yi surutu, don ta san Abba ba zai gyara mata komai ba.

Hoton Mikaela Shiffrin ne a bangon ɗakinta, shi ya sa na san tarihin Ba'amurkiyar nan fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. An haife ta a 1995 a Vail ta jihar Colorado. Tana da shekara 15 ta fara shiga gasar Kofin Duniya, tana da 17 ta ci na farko a Åre ta Suwidin, tana da 18 ta ɗauki zinaren silalom a Olamfik na Sochi a 2014. A Maris 2023, a Åre ɗin dai, ta wuce nasarori 86 na Ingemar Stenmark, sannan a Fabrairu 2025 ta cika 100 a Sestriere ta Italiya. 'Yata wannan lissafin take haddacewa. Masu horarwa kuma wani gefen suke so: tun tana makarantar Burke a Vermont an san ta da fifita atisaye a kan yawan shiga gasa.

Ni kuwa idona a wani lissafin yake. Mahaifinta ya rasu a Fabrairu 2020 bayan haɗari a gida. A Olamfik na Beijing a 2022 sau uku ta kasa kai ƙarshen tsere, ta dawo ba lambar yabo ko ɗaya, duniya na kallonta zaune a gefen hanya kanta a sunkuye. A Nuwamba 2024 ta faɗi a Killington, wani abu ya huda ta a ciki. Wadda ta fi kowa sa'a ke nan. Wata ɗaya kafin wannan faɗuwar, Matilde Lorenzi, 'yar Italiya mai shekara 19, ta faɗi wajen atisaye a Val Senales, ba ta tashi ba. Daga gidanmu zuwa can tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, kuma yaran ƙungiyoyi irin tamu suna zuwa atisaye a irin waɗannan tsaunuka da ƙanƙararsu ba ta narkewa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwarta. Idan tana bakin ƙofar farawa, ba nasara nake roƙa mata ba. Addu'ata ta iso ƙasa da ƙafafunta, kuma a can cikin raina nakan so ta zo ta takwas ko ta tara, yadda za ta ji daɗi amma manyan masu horarwa ba za su sa mata ido ba. Na san yadda hanyar take ƙuntata. Daga shekara 16 ake shiga gasar FIS, hukumar wasan zamiya ta duniya, inda ƙarancin maki shi ne daraja, mai ƙaramin maki kuma shi ke samun lambar farko da hanya mai kyau. Akwai kuma makarantun kwana irin ta Stams, sai tawagar jiha, sai ta ƙasa, a kowane mataki ana zubar da yara, wasu saboda agogo, wasu saboda tsinkewar jijiyar gwiwa, wasu saboda aljihun uba ya gaza. Uban da ke kwana yana wasa ƙarfe don 'yarsa ta yi sauri, yana kuma fatan kada ta yi saurin da yawa, ban san sunan da za a ba shi ba. Amma ko sau ɗaya ban rage kaifin allon ba, domin allo mai dakushi shi ke kayar da mutum.

Inna a Damagaram ta ga bidiyon tseren a waya, ta ce, "Kishiyata ba ta da hankali, kai ma da ka bar ta ba ka da shi." Ta yi dariya, sannan ta ce in riƙa tofa mata addu'a kafin ta fita.

Bana ta cika 16. Mai horar da su ya ce tana da zuciyar masu gudu, yana so ta gwada Super-G, inda sandunan suke nesa da juna, gudun kuma yakan wuce kilomita 100 a sa'a. Ta kawo min takardar FIS wadda ɗan tsere ke amincewa ya san wasan na iya jawo rauni mai tsanani ko mutuwa, kuma tun da ba ta kai 18 ba, sai da sa hannun uba ko uwa. Na karanta ta a tsanake, tana tsaye a kaina.

"Abba, tsoro kake ji?"

Na ce mata e. Ta ce ita ma tana ji, kullum, tun daga kan kujerar da ke hawa da su tsauni. Na sa hannu, na tambaye ta tsawon sababbin allunan, don teburina na ɗakin ƙasa na gajerun silalom ne, sai na nemi wani.