Zaurancen Yara Ba Rashin Kunya Ba Ne

Iyaye da dama sukan kawo mini ƙara, wai 'ya'yansu suna wata magana a gida wadda ba a gane kanta. Wata uwa ta ce mini, "Malam, anya ba zagina suke yi ba?" Har ta mari 'yarta a kan haka.

Zaurance ne yaran suke yi, kakanninmu ma sun yi shi. Waɗansu sukan juya kalma, tuwo ya zama wotu, gida ya zama dagi. Waɗansu kuwa sukan cusa "b" bayan kowace gaɓa, sai gida ya koma gibidaba. Ku gwada faɗin "ina zuwa" haka da sauri, ku ji yadda harshe yake sarƙewa! Ni da nake koya wa 'yan aji ɗaya ba, be, bi, bo, bu, na lura yaron da ya iya zaurance bai cika shan wuyar karatu ba, gama ya riga ya san inda kalma take rabuwa.

Mu manya ma ai muna ƙagawa. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, sunan mutumin ya zama sunan kuɗin. A Kano kuma keke mai ƙafa uku ya ci sunan shirin gwamnatin jiha, A Daidaita Sahu. Wa ya mare mu?

Abu ɗaya ne ba na yarda da shi: laƙabin da akan ƙaga wa yaro saboda gurguntaka ko in'ina. Wannan nakan hana nan take, ko da zaurance aka faɗe shi, gama ni ma ina ji.