Lambobi Huɗu a Gefen Taya

Duk wanda ya san gidanmu a Tudun Wada ya san cewa duk shekara sai mun je Kano gaida dangi. Mahaifinmu ya zo Gombe fatauci ne, ya zauna har Allah Ya karɓi abinsa, amma Hajiya ba ta taɓa yarda zumunci ya yanke ba. Shi ya sa da na samu hali na sayi jip, Highlander ta hannu, don ta riƙa miƙe ƙafa a hanya.

A watan Afrilun 2023, ana gobe jajiberin ƙaramar Sallah, muka kama hanya ta Dukku. Ni ke tuƙi, Hajiya na gefena, uwargida da yara uku na baya, ga kaya har saman but. Rana ta take, kwalta kamar a soya ƙwai. Mun wuce Dukku ba mu kai Darazo ba, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta fizge zuwa dama, sitiyari na neman ƙwacewa. Allah Ya taimake ni ban taka burki da ƙarfi ba, na riƙe ta har ta tsaya a gefen wata gona. Hajiya ba ta ce komai ba sai salati. Da na fito, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata.

Abin da ya ɗaure mini kai, tayar ba ta suɗe ba. Wata biyar kacal da na sayi huɗun, 'yan Beljiyam, zanensu raɗau, mai shago har yana rantsuwa cewa Bature ko wata uku bai yi da su ba. Da muka dawo gida na kai ragowar wurin Baba mai faci na bakin layinmu. Ya goge gefen tayar da yawu, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 1214.

"Alhaji, ka san ma'anar wannan?"

Na ce a'a.

"Sati na 12, shekarar 2014. Shekararta tara. Kai zane ka duba, ita kuwa roba ta daɗe da mutuwa."

Ashe taya tsufa take yi ko ba a hau ta ba. Robar na bushewa, ta yi 'yan tsage-tsage da sai ka sunkuya za ka gani, zafin Maris da Afrilu irin namu kuma ya ƙarasa ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunne cewa taya ba ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙera ta. Na sha jin haka a rediyo, na ɗauka neman na cefane ne kawai.

To, sai batun sayen wasu. A nan ne aljihu ya yi magana, domin kuɗin sabuwa ɗaya zai sayi 'yan Beljiyam kusan uku. Dattawan direbobi na tuna lokacin da ake ƙera taya a ƙasar nan, kafin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina a Legas a 2008. Yanzu kusan duk daga waje ake shigo da su, idan dala ta hau su ma su hau.

Baba ya ce kafin in je kasuwa in buɗe ƙofar direba in karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Shekara biyu ina da motar ban taɓa lura da ita ba. A nan aka rubuta girman tayar, 245/65 R17, da yawan iskar da ta dace. Bai kai 35 ba, alhali yaran da ke ba ni iska a hanya har 50 suke ɗura mini, wai don mota mai nauyi ce. Ya kuma koya mini lambar da ke bin girman. Idan ka ga 107T, taya ɗaya na ɗaukar kilo 975, harafin T kuma gudun kilomita 190 a awa ne iyakarta. Jip mai ɗaukar iyali da buhunan masara ba a sa mata mai ƙaramar lamba don ta fi araha.

A kasuwa wani ya so ya haɗa ni da masu manyan haƙora, wai sun fi yi wa jip kwarjini. Wallahi sun ba ni sha'awa. Amma irin waɗannan na mai shiga daji ne kullum, a kan kwalta sai gurnani da shan mai. Ni gona nake zuwa wajen Dadin Kowa sau ɗaya a wata, sauran tafiyata duk titi ne. Na zaɓi masu zanen titi, na sunkuya na duba huɗun ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun shekara biyu a shago, na ce a sauya. Mai shagon ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, wa ya koya maka?"

Kuɗin da na tara don gyaran rufin ɗakin baƙi ne suka tafi. Uwargida ba ta ji daɗi ba da farko, damina na tafe. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ɗigar ruwa a tara kwano. Ni na ji ƙarar nan, ba na son in sake jin ta."

'Yan uwa, na san ba kowa ke da kuɗin huɗu lokaci guda ba. Idan biyu za ka iya, ka sa sabbin a baya, ko da yake yawancinmu gaba muke sawa, domin idan baya ya zame ba direban da ke iya riƙe mota. Ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Kar ka manta da safaya, tawa ma da aka duba ta girmi ɗan autana.

Ɗakin baƙi ya yi ɗiga a daminar nan, mun tara kwano. Da babbar Sallah muka sake bin hanyar Dukku. Da muka iso gonar nan Hajiya ta leƙa ta taga, ta ci gaba da jan carbinta.