Ƙamshi da Tsohon Tsoro a Sabon Tasha

Bayan rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, iyalai da dama sun ƙetaro Kogin Kaduna suka tare a Sabon Tasha. Wasunsu har yau da sun ji ƙaurin taya sai gabansu ya faɗi, domin saƙon hanci yana isa da sauri ga sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye tsoro da tunawa.

Ta wannan hanyar turaren wuta ke bi. Da almuru uwargida ta zuba sandal a kan garwashin kasko, hayaƙi ya ratsa labule, numfashi ya lafa.

Sai dai iyakarsa kwantar da hankali. Wanda mugun mafarki ke firgitawa kullum, likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya kamata ya gani.