Ragon Layya da Obin: Darussan Gashin Haƙarƙari

Shekara da shekaru obin ɗin da ke ƙasan murhun gas ɗina ba shi da aiki sai ajiyar tukwane da murafai da ledojin da ba su da ranar amfani. Cikin kayan ɗakina ya zo, kuma na san gidaje da dama da nasu ke wannan aikin sito har gobe. Abin da ya sa na kwashe tukwanen takaicin suyar Babbar Sallah ne: haƙarƙari da gadon baya, wuraren da suka fi ko'ina daɗi a jikin rago, sai a antaya su cikin mai tare da sauran nama har su ƙandare. Na ce ni gasa nawa zan yi. Ga abin da ya biyo baya.

1. Ragon bidiyo daban, ragon layya daban.
A YouTube na ga wata Baturiya ta jera yankan haƙarƙari a tire, ta tura obin, bayan 'yan mintuna ta fito da shi tana yankawa da wuƙar tebur ba ko yunƙuri. Na bi ta sau da ƙafa. Maigida ya tauna, ya tauna, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Yara kuwa ba su iya kara ba, ajiyewa suka yi suka nemi shinkafa. Sai daga baya na gane ba dabba ɗaya muke dafawa da ita ba. Abin da ake sayarwa a Ingila ko Niyu Zilan ɗan rago ne da bai cika shekara ba, wani ma wata shida. Sauran bidiyoyin na naman alade ne, wanda ba ya cikin lissafina, shi ma kuma yana ƙarami ake yanka shi. Mu kuwa Balami ko Uda ko 'Yankasa muke zaɓa, mai ƙaho a murɗe, wanda ya yi shekara biyu ko uku yana yawon kiwo. Jijiyar da ke ratsa tsoka tana ƙara tauri da shekaru, kuma ba ƙarfin wuta ke narkar da ita ba, daɗewa ce. Saboda haka hanya biyu ce. Ƙaramin rago, mai nama ja-ja mai haske, wuta mai ƙarfi da ɗan lokaci. Babba, mai nama ja wur har da duhu, a rufe shi ruf da takardar foyil da ɗan ruwa a ƙasa, a zafin digiri 150 zuwa 160, awa biyu ko uku, sannan a buɗe a ƙara wuta minti goma ya yi ja. Ni tsakiya na tsaya: na zarce lokacin ta farko, ban kai rabin ta biyu ba, kuma nan ne nama ya fi tauri. Abin haushin, na sha tsayawa wurin mai balangu ina kallonsa yana naɗe nama cikin takardar buhun siminti yana turawa gefen wuta ya manta da shi. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

2. Gashi a gaban mahauci yake farawa.
Mahaucinmu da gatari yake aiki, kuma saransa na miya ne: wani yanki kamar a yi dambe da shi, wani siriri, ga ɓaraguzan ƙashi a ko'ina. A tukunya wannan ba matsala. A obin kuwa kafin mai kaurin ya nuna, siririn ya zama gawayi. Ranar da na fara cewa, "Malam, don Allah bi tsakanin ƙashi da wuƙa, kowanne kaurin yatsa biyu," kallona ya yi ya ce, "Hajiya, ai duk ciki za shi." Na ƙara masa ɗan abin goro, yanzu da ya hango ni yake ajiye gatarin. Kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku shi ke ba baya damar yin ja kafin ciki ya bushe. Kitse kuma kada a aske shi tas, amma a rage mai yawan, don ƙarnin tsohon rago a kitsensa yake zaune.

3. Lambar da ke jikin obin da'awa ce, sai an kawo shaida.
Wani girkin Amurka ya ce a kai wuta 400. Nawa maɓallin a 250 ya ƙare, sai na murɗa shi ƙarshe ina ganin ma na gaza. Hayaƙi ya turnuƙe kicin har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa, "Maman yara, lafiya dai?" Ashe su da ma'aunin Farenhait suke lissafi, mu da Salsiyos. A zafin obin, raba lambarsu biyu ya kusa isa: 400 wajen 200 ne, 350 wajen 180. Ko bayan na gane wannan, ɗan ma'aunin zafin da na saya na rataya a ciki ya nuna mini maɓallin nawa ba ya faɗin gaskiya. Obin ɗin gas daga ƙasa yake hura wuta, bayansa kuma ya fi gabansa zafi, don haka a shiryayyen tsakiya nake sa tire, in juya shi gaba ya koma baya a rabin lokaci. A bar shi ya yi zafi minti 15 zuwa 20 kafin nama ya shiga. Kuma a buɗe ƙofa, a ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa gas. Girata ta dama ce ta biya kuɗin wannan karatun.

4. Jiƙaƙƙen nama ba ya gasuwa, dahuwa yake yi.
Mu dai sai mun wanke nama, ba mai raba mu da hakan. Laifina shi ne daga roba sai tire, yana ɗiga, na kuma lafta masa albasa da tumatir da tattasai, na cunkushe yankan a kan juna don kada gas ya tafi a banza. Abin da ya fito farfesu ne mara romon kirki, launinsa toka-toka. Muddin akwai ruwa a bayan nama, zafin wurin ba zai wuce digiri 100 ba, alhali jan nan mai ƙamshi da ke tsayar da mutum a bakin tukuba sai wajen 140 zuwa sama yake kankama. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda abin ke faruwa tun 1912, masu tsire kuwa sun riga shi aiki da shi. Yanzu ina tsane kowane yanki da tsabtataccen ƙyalle, in shafa ɗan mai, in ɗora a kasko mai zafi sosai minti biyu kowane gefe, sannan in jera a tire da tazara. In ƙaramin rago ne, minti shida zuwa goma a digiri 200 ya wadatar. Gishiri ma da lokacinsa. Da an barbaɗa yake fara jawo ruwa waje, sai an kusa awa guda naman ke sake shanye shi. Ko dai a sa awa ɗaya kafin gashi, ko dab da ɗorawa. Masu firij da ba a ɗauke musu wuta suna iya sawa tun dare.

5. Yajin ƙuli baƙon ƙarshe ne.
Na taɓa turbuɗe nama da yajin tsire tun farko, ya fito baƙi ƙirin da ɗaci. Garin ƙuli da ɗanyar tafarnuwa ba sa jure doguwar wuta. Mai tsire a gefen wuta yake kafa tsinkensa yana yayyafa mai, ba a tsakiyarta ba. Citta da masoro da kanumfari da kimba su shiga da wuri, yajin ƙuli a minti biyar na ƙarshe ko a faranti. Haka ɗanyar gwanda: tana tausasa nama, gaskiya ne, amma na bar ta ta kwana a kai, da safe bayan naman ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi, cikinsa kuwa yana nan da taurinsa.

6. Ranar yanka ba ranar gashi ba ce.
Ina yarinya nakan ga an rataye ragon layya ya kwana, sai washegari a yi aikinsa, na ɗauka gajiyar Idi ce kawai. Da na yi gidana sai na ce ni ba zan yi wannan jan ƙafar ba. Na gasa wani da yamma, sauran na danna firiza yana da ɗumi. Duka biyun suka ba ni kunya. Bayan yanka da 'yan awanni tsoka takan sandare, kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu take sakin jiki. Wanda aka daskarar kafin ya sandare kuwa, ranar da aka narkar da shi yakan takure ya zubar da ruwansa. A Yamai suna da tasu dabarar: a baje raguna a kan sanduna a kewaye wuta, su wuni suna gasuwa a hankali, rabo sai washegari. A zafin garinmu ba na barin nama a fili ya wuce dare. Firij kwana ɗaya ko biyu, in babu wuta kula da ƙanƙara, sannan firiza.

7. Ma'auni na iya gamsuwa, surukuwa ba ta gamsu ba.
Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce yankan rago ya nuna lafiya idan tsakiyarsa ya kai digiri 63, aka kuma bar shi ya huta minti uku. Na sayi ma'aunin da ake sokawa cikin nama, na cire a daidai 63, na kai wa surukuwata Hajiya cike da alfahari. Ta yanka, ta ga ja-ja a ciki, ta ture farantin ta ce, "Wannan ai da sauran ransa." Na shiga bayani cewa ba jini ba ne, jini ya fita tun wurin yanka, wani sinadari ne na cikin tsoka ke rina ruwan. Ta bari na gama tsaf, ta ce, "To, 'yar boko, mayar da shi wuta." Gaskiyata ce a ilimi, amma ba wanda ya taɓa cin abin da ransa ke ƙyama don an yi masa lacca. Yanzu a wajen 67 nake cirewa, in rufe da foyil sako-sako minti biyar. Zafin da ke ciki yakan ƙarasa shi zuwa 70, jan ya ɓace, ruwan kuma ya zauna a tsoka maimakon ya malale a faranti. A kai shi tebur da zafinsa, don kitsen rago da ya huce yake daskarewa a ganɗa. Kason Hajiya kuwa daga na cikin foyil nake ɗebowa, wanda ya yi awa uku har ƙashi na zarewa da yatsa biyu, in haɗa mata da yankakkiyar albasa da yaji a gefe.