Asitin Taliya a Kasuwar Dakoro

Wanda yake son cin abincin Italiyawa a Nijar, da sunansa da tsarinsa, sai ya nufi Yamai ko Agadas, inda gidan abinci na Le Pilier ya daɗe yana karɓar baƙi. A Dakoro babu irinsa. Abin da ake da shi rumfunan zana ne a gefen kasuwa, da benci, da tukunya a kan murhu, da mata masu zuba wa mutum taliya ta dala arba'in ko hamsin, gwargwadon nauyin aljihunsa. Duk da haka, bisa wani ra'ayi, sunan ƙasar Italiya ake ambata a waɗannan rumfuna duk lokacin da wani ya miƙa asiti, alhali mai kira da mai zubawa ba su da labari.

Wannan ne ya zaunar da wani ɗalibin kimiyyar harshe a ɗaya daga cikin rumfunan har tsawon ranakun kasuwa uku. Ɗan garin ne, yana karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ya zo hutu da niyyar tattara kalmomin aro na fagen abinci domin kundinsa. Ya raba takardarsa gida biyu, ɗaya na asali, ɗaya na aro, taliya kuma tana sahun farko a gida na biyu.

Mai rumfar dattijuwa ce, ita ke murza taliyarta da kanta. Takan kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ta bi da ita cikin ɗan injin hannu har ta yi faɗi, ta sake bi da ita ta gefen haƙora ta fito zare-zare, a shanya a kan igiya. Da hantsi sai dafuwa. Babu cuku, babu man zaitun. Man gyaɗa ne, da yajin ƙuli-ƙuli mai tonka, da albasa yankakkiya, wanda ya ƙara kuɗi a ɗora masa wake ko dafaffen ƙwai. Ba'italiye zai gane injin, domin ƙirar ƙasarsu ce, amma da wuya ya yarda da abin da ke cikin asitin. Wannan damuwarsa ce. Bafulatanin da ya sayar da rago ya ci, Buzu ya ci ta ƙarƙashin amawali, direban motar Maraɗi ya ci a tsaye yana ƙwala wa yaronsa kira, kuma babu wanda ya rage.

A rana ta biyu ɗalibin ya gaya mata abin da ya kawo shi.

"Inna, kin san kalmar nan taliya ba Hausa ba ce?"

Ba ta ɗaga kai daga tukunya ba. "To ta wa ce, ɗana? Uwata ta murza, ni na murza, ga ɗiyata tana murzawa. In ba Hausa ba ce, mi muka kwashe shekaru muna hwaɗi?"

Ya ce daga Italiya ta zo. Ta tambaya ko Italiya gaba take da Agadas. Ya ce ƙwarai, gaba da Libiya ma, sai an ƙetare teku. Ta ce to ai ba ta yi ƙarya ba, dama kayan da ke cikin kwali daga can arewa suke zuwa.

Amsarta ta fi tambayarsa nauyi, kuma ba ta kauce wa tarihi ba. Hanyar arewa ce hanyar wannan kalma, ko ta wace fuska aka duba. Fatake daga Gadamas da Tarabulus sun zauna a Kano da Damagaram tun kafin zuwan Ingilishi da Faransawa, su ne ma aka fara kira Turawa, shi ya sa har yau akwai unguwar Dandalin Turawa a cikin birnin Kano. Italiya ta mamaye Tarabulus a 1911, ta riƙe Libiya har 1943, kuma a Larabcin yau da kullum ana ce wa mutuminta ɗalyani, wato wasalin farko ya riga ya faɗi tun a bakin Larabawa. Ko da bai faɗi can ba, Hausa ta saba da irin wannan datsa. Al-imam ya zama liman, al-akhira ta zama lahira, al-hisab ya zama lissafi. Daga Italiya zuwa taliya taku ɗaya ne. Sanya wa abinci sunan ƙasar da aka ɗauka ya fito ma ba sabon abu ba ne, ga masara nan ɗauke da sunan Masar, ko da yake ainihin tsiron daga nahiyar Amurka yake.

Sai dai akwai wata 'yar takara da ɗalibin bai so ya tsallake ba. Larabci yana da tsohuwar kalma, iɗriyya, sunan busasshen ƙullin alkama mai kamar zare. Al-Idrisi, a littafin da ya kammala wa Sarki Roja na Biyu a 1154, ya ambaci garin Tarabiya na tsibirin Sisili a matsayin wurin da ake yin ta da yawa ana kai wa ƙasashe a jiragen ruwa. Kafin iɗriyya ta zama taliya dole wasalin farko ya faɗi, a raba baƙaƙe biyu da wasali, sannan /r/ ta koma /l/. Biyun farko aikin kullum ne ga Hausa. Na ukun ma ɗan Dakoro ba zai yi mamakinsa ba, tunda a bakinsa harshe halshe ne, ko da yake wannan musanya a ƙarshen gaɓa ta fi aukuwa, ba a farkonta ba, kuma nan ne raunin hujjar yake. Hanya ta farko ta fi gajarta, ta biyu ta fi tsufa. Abin dariyar shi ne duk wadda aka bi, a ƙasar Italiya ta yau take sauke mutum.

Da ya ƙare wa asitin kallo, sai ya ga gidan aro ya cika ya batse. Alkama da albasa daga Larabci, fulawa daga Ingilishi, asiti daga Faransanci, cokali daga Buzanci. Gyaɗa ce da gishiri suka rage masa a ɗaya gefen, gyaɗar ma tsironta baƙo ne. Rabon gida biyun yana da amfani ga mai bin diddigi, amma ba ya faɗin komai game da matsayin kalma a bakin masu ita. Taliya tana ɗaukar -r ta nasaba kamar kowace tamace, a ce taliyar Inna, tana da karin sautinta, ta haifi 'yar murji, kuma yaro ɗan shekara uku ya san ta kafin ya san akwai teku. An ce baƙo raɓa, amma wannan raɓar rana ta fito ta same ta, ba ta bushe ba.

A gida kuwa wata shari'ar ya tarar. Kakansa, manomin gero, ba ya musun cewa taliya Hausa ce. Abin da yake musu shi ne cewa abinci ce. A wurinsa wanda bai ci tuwo ko ya sha hura ba, da yunwa ya kwana, ko da ya cinye kwali guda. Ɗalibin ya daɗe yana ɗaukar wannan a matsayin taurin kan tsofaffi, har sai da tsohon ya tuna masa 2005. Shekarar ce fari da fara suka bar rumbuna wayam, Dakoro ta shiga cikin wuraren da abin ya fi tsanani, ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Tsohon ya ce gero, in Allah ya ba da ruwa, naka ne. Alkamar taliya kuwa ba a gonar kowa take a nan ba, kullum sai da kuɗi, kuma kuɗinta a hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba yake.

Mai rumfar ta tabbatar da maganar ba tare da ta ji ta ba. Fulawarta daga kudu take zuwa, ta kwali kuma yawanci daga Aljeriya, ta Asamaka da Arlit da Agadas. Da aka rufe iyakar Nijeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ta ce, ta rasa yadda za ta yi: in ta ƙara kuɗi, masu ci su gudu, in ba ta ƙara ba, uwar kuɗi ta narke. Sai ta sayi asiti mafi ƙanƙanta, ta ci gaba da cika shi tim. Kowa ya gane, babu wanda ya ce uffan.

A ranar kasuwa ta uku ya fara tambayar masu ci, ɗaya bayan ɗaya, me suke kira taliya. Dattawa suka ce wadda aka murza da hannu. Matasa suka haɗa har da doguwar ta leda, amma gajeriyar mai rami maka ce, wato makaroni da aka datse wa wutsiya, kamar yadda aka datse wa waccan kai. Wani ɗan lakwal ya ce Indomie ma taliya ce, ta yara. Dattijuwar ta ce sam, abin da ke nuna kafin a wanke hannu ba ta san sunansa ba. Ɗalibin ya rubuta amsoshin duka, da shekarun kowane mai amsa, ya buɗe wa taliya shafi nata ita kaɗai, ya biya dala hamsin, ya tafi neman mota.