Shafi ɗaya kullum, har kwana talatin

A hutun watan Agustan da ya wuce, da na dawo gida Bunguɗu daga jami'a, ni da ƙawayena biyu muka ɗora wa kanmu wani aiki. Kowaccenmu ta sayi littafin rubutu mai falle 40. Sharaɗin shi ne kullum a cika shafi ɗaya da Hausa, a kan duk abin da aka ga dama, kwana 30 a jere ba fashi. Wadda ta tsallake rana, ita ce da sayen awara. Ranar Juma'a bayan la'asar kuma mu haɗu mu yi musayar littattafan, kowa ta tafi da na wata ta karanta, ta mayar washegari da safe.

Ɗaya daga cikinmu ce ta zo da shawarar. Ta karanta cewa a Amurka, tun shekarar 1999, wasu suka ƙirƙiro al'adar rubuta labari mai kalma 50,000 cikin wata guda, daga baya suka tsayar da watan Nuwamba domin haka. Da muka raba, muka ga kalma 1,667 ke nan kowace rana. Muka ce wannan ya fi ƙarfinmu, shafi ɗaya ma Allah ya ba mu iko. Shi lissafin dai ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya taɓa sauke Alƙur'ani a watan azumi ya san izu biyu kullum ne ke kai mutum sittin.

Makon farko kamar wasa. Ina da labaran makaranta da na tara, da na motar haya tsakanin Gusau da Bunguɗu, da faɗan da muka yi da 'yar ɗakinmu a kan bokiti. Rana ta takwas na buɗe littafi, na riƙe biro, kaina fayau. Na yi kusan awa ɗaya ina kallon farar takarda.

Ashe a nan amfanin abin ya fara. Da rumbun ya ƙare, dole na fita nema. Na zauna kusa da Inna tana dama fura, abin da nake gani tun ina rarrafe, amma ban taɓa lura da cewa sai ta ɗanɗana sau biyu kafin ta ƙara nono ba. Na bi ƙanena gona, na ji manoma suna cewa gero ya yi bununi, sai da na tambaya aka nuna mini garin nan da ke manne a jikin zangarniya kafin ƙwaya ta fito. Na rubuta shafi guda a kan launin gulbi bayan ruwan dare, wani kuma a kan Dutsen Kwatarkwashi, wanda na sha wucewa a mota kan hanyar Tsafe ban taɓa ɗaga kai na dube shi da kyau ba. Shekara 20 ina zaune a wuri, sai da aka ce kullum in kawo shafi sannan na fara ganinsa.

Hannuna ma ya saki. Shafin da ke cin awa ɗaya da farko ya dawo minti 20. Ƙawayena suka yi ta zagaye mini kurakurai da jan biro: na rubuta "ya na" a maimakon "yana", na haɗe "shi ne", na bar ƙ da ɗ babu lanƙwasa har "ƙafa" ta zama "kafa". Ku da za ku zauna jarrabawar WAEC, inda ake neman insha'in Turanci da bai gaza kalma 450 ba, ga kuma na Hausa, wannan kaɗai ya isa dalili. Wanda ya saba fara jimla kullum ba ya ɓata rabin lokacinsa yana tauna murfin biro a ɗakin jarrabawa.

To amma tun a mako na biyu na lura da wani hali da ya shige ni. Na daina tambayar kaina ko abin da na rubuta yana da kyau, sai dai ko shafin ya cika. Akwai ranar da na ƙara girman baƙaƙena don in kai ƙasa da wuri. Akwai ranar da na cika shafi da bayanin cewa ba ni da abin rubutawa. Ƙirgar kwanakin ta fi rubutun daɗi. Wannan ƙaramin aibi ne, da a nan ya tsaya da ban dame ku da labarin ba.

A gidanmu akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo wurinmu da 'ya'yanta tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyensu. Ba ta cika magana a kan abin da ya faru ba. Daren rana ta 19 babu wuta, ina kwance a tabarma ina neman abin rubutawa, sai na ji tana ba Inna labari ƙasa-ƙasa, tana zaton na yi barci. Yadda aka ɗauke mijinta daga gona. Yadda suka sayar da shanun huɗa da rabin gonar. Wanda ya ba su rancen cikon kuɗin cikin dare ba tare da shaida ba, da ɗan'uwan da aka je ƙofarsa sau uku yana aiko yaro ya ce ba ya nan.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne na samu shafin yau. Da suka shiga ɗaki na kunna fitilar waya na rubuta duka, da sunan ƙauyen, da sunayen mutanen, da adadin kuɗin. Ban tsaya a shafi ɗaya ba, sai da na yi uku. A duk watan babu rubutun da ya kai shi kyau, ni ma na sani, har na ƙosa Juma'a ta zo.

Ƙawata ta tafi da littafin gida, ta ajiye a kan gado, ƙaninta ya ɗauka ya karanta. Bunguɗu kuwa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Kwana uku tsakani, matar ɗan'uwan nan da ya ƙi fitowa ta yi sallama gidanmu, ba ta ko zauna ba, ta ce ta ji an sa mijinta a takarda ana yawo da shi gari.

Bayan ta tafi Gwaggo ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ɗiyata, ni na ba ki wanga labari?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

"To wa ya ba ki?"

Na rasa amsa. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, amma kwana biyu ko ido ba mu haɗa ba.

Da dare Baba ya nuna mini abin da ya fi ɓacin ran zumunta muni, wanda ko kusa hankalina bai kai ba. Ya ce ni ina ganin yabo na yi wa mutumin da ya ba da rancen. Amma a wannan zamani, a yankinmu, a rubuta cewa wane yana iya fito da kuɗi masu yawa cikin dare ɗaya, wannan ba yabo ba ne, nuni ne. Ba ka san kunnen da magana za ta faɗa ba. Bawan Allah ya yi alheri a ɓoye, ni kuma na tallata shi don kada in sayi awara. A gaban Baba na yage shafukan uku na sa a murhu. Har yau idan na ji an ambaci sunan mutumin, sai gabana ya faɗi kafin in ji ƙarshen maganar.

Ba zan ɗora wa littafin rubutu laifin da ni na yi ba. Sai dai na san da ba don ƙa'idar "kullum" ba, da na kwana da labarin, kuma da safe wataƙila na tambayi kaina ko nawa ne. Wa'adin da muka sa ya koya mini sauri, kuma saurin ne ya cinye ɗan lokacin da mutum ke tsayawa ya yi tunani.

Kwana biyu ban taɓa biro ba, na sayi awara sau biyu. Daga nan na ci gaba, na ƙare watan da shafi 30 idan aka haɗa da waɗanda aka ƙona. Da na karanta sauran daga farko bayan an koma makaranta, shida ne kawai zan iya nuna wa wani ba kunya. Na ɗan ji haushi, sai na tuna abin da muka karanta a darasin adabi game da Abubakar Imam. A 1936 ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin kimanin wata shida. Mu saurin muke jinjina wa. Amma yana da Rupert East a gefensa yana karantawa, suna tattaunawa, ana gyara. Mu mun ɗauki rabin aikin ne, wato zubawa, muka bar tankaɗe. Shafin nan na Inna da furarta, sau huɗu na sake rubuta shi, kuma sai a na huɗun ya fara kama da ita.

Idan za ku gwada, ni ba zan hana ku ba, ina ma ganin kowane ɗalibi ya yi ko sau ɗaya. Abin da zan canza shi ne a yarda mutum ya rubuta shafi ya ninke shi, ya ce wannan ba na musaya ba ne, kuma a ware kwana ɗaya a mako na gyaran abin da aka riga aka rubuta.

Ana saura kwana biyu in koma makaranta, Gwaggo ta same ni ina haɗa kaya. Ta ce tunda hannuna ba ya zama, in zo ta ba ni abin rubutawa. Ba labarin daren nan ba. Yadda ƙauyensu yake kafin a watse: inda rijiya take, ranar da kasuwa ke ci, gidan da ake kai amare su fara gaisuwa. Ta ce autanta yana goye aka baro garin, ba abin da zai tuna.

Yanzu duk ƙarshen makon da na zo gida muna yin shafi ɗaya, wani lokaci rabi. Idan na gama sai in karanta mata, ita ke cewa a bari ko a cire. Makon jiya ta sa na soke layi guda, wai na ajiye tsamiya a gabas da masallaci alhali a yamma take.