Dabarar Maƙeri da Aikin Lauya

Shekara 20 ke nan ina koyarwa a Rusairis, kuma cikin ɗalibaina akwai 'ya'yan maƙera da masu gyaran injin ban-ruwa a bakin Nilu. Iyayensu kan ƙago dabaru, amma ban ga wanda ya yi wa tasa rajista ba, alhali Sudan tana da dokar mallakar ƙirƙira tun 1971. Kuɗin lauya ke korarsu, domin shi ke tona takardun ƙasashe ya tabbatar ba a riga ka ba.

Yau ƙirƙirarriyar basira tana rage wa lauya wahalar wannan tono, ina kuma fatan kuɗin ya sauko. Sai dai doka mutum take nema. Da Stephen Thaler ya ce na'urarsa DABUS ce ta ƙago abu, Afirka ta Kudu ta karɓa a 2021, Kotun Ƙolin Birtaniya kuwa ta ƙi a 2023.

Jama'a, lauya yana ɗauke da amanar sirrinka. Kada ka zuba wa na'ura dabararka kafin rajista, domin abin da ya bazu ya daina zama sabo a idon doka. Allah ya sa mu dace.